Wai hadda ba karatu ba ce?

Mushe Sabon Gari: Yau raina a ɓace yake. Na ba wani ɗalibin jami'ar André Salifou aron littafin tarihin Damagaram, jaka takwas na saye shi. Kwana biyu ya maido, wai ya gama. Na ce to me ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai? Ya ce 1926. Shekara na tambaye ka? Na buɗe littafin, ko ɗigon biro babu a gefe, shafukan tsakiya ma a manne suke. Karatu shi ne ka tsaya ka tambayi marubuci wa ya faɗa masa, me ya tsallake, ka gwada maganarsa ta farko da ta ƙarshe ka ga ko sun yarda da juna. Yaran yanzu hadda kawai suka iya.

Gardin Birni: Mushe, janye kalmar hadda. Alaramman da ya rubuta izifi sittin da ka bai yi karatu ba ke nan?

Mushe Sabon Gari: Malam, ba Alƙur'ani nake nufi ba.

Gardin Birni: Ai kun saba, 'yan lakkwal, 'yan boko. A zaure malam zai karanta maka layi guda na Ahalari, ya warware shi kalma kalma da Hausa, gobe ka biya kafin a ƙara maka. Wannan zurfin kuke da shi?

Yaya Hajiya: Wannan ai ba hadda ba ne, fassara ce. Kai ma ka cakuɗa, ƙanena.

Gardin Birni: Yaya, ba da ke nake ba.

Ɗan Fada: Ni dai da hadda na ci bak, jarrabawar gama sakandare, kuma ban ji kunya ba. Mushe, ku ne fa ke rage maki in mutum bai maido muku abin da ke cikin kaye, littafin rubutun darasi, ba, har waƙafi.

Na Zango: Ƙarancin ruwa ne ya sa aka tafi Yamai, ga kogi a can. Kuma muna kusa da Kano da yawa, Faransawa ba su so ba.

Gardin Birni: Ɗan Zango zai koya wa 'yan Birni tarihin gidan sarki? Ku baƙi ne a bayan ganuwa.

Na Zango: Baƙin da ayarin raƙumansu ya ciyar da ku tun zamanin Sarki Tanimu?

Yaya Hajiya: Wai littafin ma wa ya rubuta shi? Babu wanda ya tambaya.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da na fahimta, Mushe ya taɓa mahaddata kuma an ba shi amsa, ya yi shiru. Maganar Zango ba ta da hujja, ni ma a Birni aka yanke mini cibiya. Mushe, in littafin yana hannu ka aiko mini da shi, gobe da la'asar zan maido.