Darasin fasaha a kan allo: a soke shi ko a riƙe shi?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya hana ni barci jiya. Yarona da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya kawo mini littafinsa na darasin fasaha in taya shi bita. Ya zana zarto tsaf, ya rubuta sunan kowane sashe, ya haddace su kamar karatun allo. Sai na shiga sito na ɗauko zarto na gaske da guntun katako na miƙa masa. Wallahi bai san yadda zai tsaya ba. Ya kama da hannu biyu yana dannawa da ƙarfi, haƙoran suna tsalle a kan katakon, har ya kusa yankan babban yatsansa. Shekara biyu ke nan yana wannan darasi bai taɓa riƙe kayan aiki ba, don makarantarsu ba ta da ɗakin aikin hannu.

Ra'ayina shi ne: duk makarantar da ba ta da ɗakin aiki da kayan aiki, a cire mata darasin fasaha gaba ɗaya. Awannin a tura yara wurin kafinta da mai walda da makaniki. Koyar da sana'a da alli yaudarar yara ce da iyayensu.

Baba Firinsifal: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka taɓo mini tsohon miki. Ina cikin aji lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a), kuma darasin fasahar da muke kira Intirotek shi ne ƙashin bayan tsarin. Manufar ita ce yaro ya gama shekara uku na ƙaramar sakandare hannunsa ya taɓa katako da ƙarfe da wayar lantarki, wanda ba zai ci gaba da boko ba ya fita da abin yi. Gwamnatin tarayya ta shigo da injuna daga gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari. Namu sun zo cikin akwatunan katako manya-manya. Babu ginin da za a kafa su, babu wutar da za ta ja su, babu malamin da ya san kansu. Muka jera su a wani aji muka sa kwaɗo. Bayan shekaru da na buɗe ɗakin, gara ta cinye akwatunan, injin sassaƙa ƙarfe yana nan da man da aka shafa masa tun daga masana'anta, ƙura ta daskare a kai. Ranar na yi baƙin ciki ƙwarai. Saboda haka ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma sokewa ban yarda da ita ba.

Injiniya: To Baba, shekara arba'in da wani abu ke nan. Har yaushe za a yi ta jira?

Malamin Fasaha: Yaya Injiniya, ni ne mai riƙe allin da kake magana a kai, don haka bari in amsa. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasi, kuma makarantar da nake ba ta da ko bencin aiki ɗaya. Abin da ya ƙara matse mu, a gyaran manhaja na 2012 an haɗe fasaha da kimiyya da kwamfuta da motsa jiki a ƙarƙashin darasi guda, lokacin da muke samu ya ragu. Duk wannan gaskiya ne.

Inda na saɓa da kai shi ne ka ɗauka darasin fasaha riƙe zarto ne kawai. Rabinsa awo ne da zane, wato mutum ya ƙera abu a kansa da kan takarda kafin ya taɓa kaya. Wannan rabin ba ya buƙatar injin. A zangon da ya wuce na sa 'yan aji uku kowa ya zo da kwalin taliya da almakashi da rula. Na ajiye mazurari a kan tebur na ce su yi mini irinsa da kwali. Kusan duka suka yanko alwatika suka naɗe, baki ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo. Wata yarinya a layin baya ta warware nata ta shimfiɗa a kan benci ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, Malam ai gefen nan dole ya zama lanƙwasasshe. Na ba ta kamfas na ce ta gwada. Ta kafa tsinin, ta ja rabin da'ira, ta yanke, ta naɗe, ya zauna daidai a kan tebur babu inda ya ɗaga. Ajin ya ɗauki tafi. Abin da ta gano da kanta shi ne abin da mai ƙera bokiti da mazurari yake yi da langalanga kullum. Kuɗin da aka kashe a darasin nan bai kai na burodi ɗaya ba. Idan aka soke darasin, wa zai ba ta wannan?

Oga Mai Walda: Malam ya faɗi gaskiya, kuma ni zan ba da shaida daga shagona. Yara tara ne a hannuna yanzu. Walda kanta ba ta da wuyar koyo, wata shida yaro mai natsuwa zai iya riƙe tsinke ya ja layi mai kyau. Abin da ke cin mini ƙarfe shi ne awo. Ka ce yaro ya lanƙwasa maka zobe na murhun gawayi mai faɗin inci 14, sai ya yanko rodi da ka, ko ya gaza ko ya yi yawa. Wanda ya yi makaranta da kyau zai buga 14 sau 22 ya raba da 7 ya yanko inci 44, ya ƙara ɗan abin haɗi, an gama. Haka wajen firam ɗin ƙofa. Ina nuna musu a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya to ta tsaya daidai. Wani sai ya shekara yana yi bai san dalili ba. Ni kaina sai da na girma na san dalilin wasu abubuwan da ogana ya koya mini, domin a wurin oga ba a tambaya, kallo ake yi.

Kuma Injiniya, ina za mu zuba su? Aji ɗaya a makarantar gwamnati yara nawa ne? Shagona in mutum goma sha biyu suka shiga ba wurin juyawa. Ga tartsatsi, ga hasken walda da ke cin ido, ga wayar wuta a ƙasa.

Injiniya: Oga, ai maganarka ta ƙarfafa tawa. Lissafin zobe darasin lissafi ne, malamin lissafi zai iya koyar da shi. Kwali kuma ba katako ba ne. Ina girmama ƙoƙarin Malam, amma malamai nawa ne irinsa? Mafi yawa rubutu suke cika allo da shi, yara su kwafa, a yi jarrabawa, kowa ya ci. Daga 2011 aka ce kowane ɗalibin babbar sakandare sai ya ɗauki sana'a ɗaya cikin 34, WAEC ta fara jarrabawarsu a 2014. Ku gaya mini tsakani da Allah, cikin 'ya'yanku da suka ci wannan darasi da sakamako mai kyau, wa ya fito da sana'ar a hannunsa? Makarantu sun riƙa zaɓen wadda ba ta buƙatar sayen kaya. Takarda ta ce yaro ya iya, hannunsa bai iya ba. Wannan nake kira yaudara.

Malama: Yaya, ina tare da kai a kan takardar da ba ta da gaskiya. Amma a shawararka an manta da mu. In an ce a tura yara gareji da shagon walda, 'yan mata ina za su? Wane uba ne a unguwarmu zai bar 'yarsa mai shekara goma sha uku ta wuni a gareji cikin maza? Abin da zai faru shi ne maza su tafi, mata a ce su zauna su koyi girki, shi ke nan an rufe musu ƙofa. Aji ne kaɗai wurin da yarinya ke riƙe kamfas da filaya ba wanda ya ce mata wani abu. Ni a aji na fara haɗa batir da ƙwan fitila da makunni, kuma daga nan ne na yi sha'awar karatun da ya kai ni kwalejin horar da malaman fasaha ta mata da ke Gusau. Yau a gidanmu ni ke duba sola in ta yi gardama.

Sannan ɗinki da ake rainawa, shi ma zane ne da awo. Telar da ta iya fitar da fasalin riga a takarda kafin ta sa almakashi a shaddar mutane ta fi wadda ke yanka da ka nesa ba kusa ba.

Baba Firinsifal: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wani abu kuma da ya kamata a rarrabe: sakandare ta gama-gari daban, kwalejin fasaha daban. Wanda ake so ya fito cikakken ma'aikaci, wurinsa kwalejin fasaha, inda zai yi shekara uku a ɗakin aiki ya zana jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci. Darasin ƙaramar sakandare ɗanɗano ne, don yaro ya gane inda hannunsa da zuciyarsa suka karkata. Matsalarmu kwalejojin sun yi kaɗan, kuma iyaye na ganin wurin waɗanda boko ya ƙi ne. Malaman da kwalejojin horar da malaman fasaha na Bichi da Gombe da Potiskum ke yayewa ma, da yawa ba sa zama a aji, sana'ar hannunsu ta fi albashi kawo musu kuɗi.

Malamin Fasaha: Yaya Injiniya, a kan cewa lissafin zobe aikin malamin lissafi ne: yaran nan duk sun haddace 22 bisa 7 a ajin lissafi. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa rodi ake yankawa da shi. Haɗa lambar da ƙarfen shi ne aikina. Kuma ban ce kwali ya isa ba. Ni ma ina so yarana su ji nauyin guduma. Sabuwar manhajar da aka sanar a 2025 ta rage sana'o'in nan 34 zuwa shida, ciki har da haɗa sola da ɗinki da gyaran waya da kwamfuta. In ba a ba mu kaya ba, sola ɗin ma a allo za mu zana shi, kuma a nan zan tsaya a bayanka mu yi ƙorafi tare. Abin da nake roƙo ƙarami ne ba injin daga Turai ba: benci biyu masu bais na matse abin da ake yankawa, zarto shida, guduma, magagari, tef ɗin awo, sikwaya ta auna kusurwa, filaya, mita ɗaya ta gwada wuta, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Da wannan zan raba aji rukuni-rukuni kowa ya taɓa.

Injiniya: Malam, har yanzu ina kan bakana cewa makarantar da ba ta da ko wannan ɗan abin da ka lissafa bai kamata ta rubuta wa yaro sakamakon fasaha ba. Amma maganar Malama a kan 'yan mata ban yi tunaninta ba, na karɓa. Ka turo mini jerin kayan da adadinsu. Zarto da tef ɗin awo ni zan saya.

Oga Mai Walda: Bencin ku bar mini, ina da ragowar ƙarfen kwana, katakon sama kawai za a nema. In shugaban makaranta ya amince, ranar da zan haɗa su zan kawo injina da janareta harabar makarantar in yi a gaban yaran, maza da mata. Su za su auna, su za su sa alama da alli, ni in yanka. Gilashin walda biyu gare ni, don haka in an zo ɗinkewa bibbiyu za su riƙa matsowa, sauran su juya baya.

Malamin Fasaha: Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan sami shugaban makaranta da maganar. Oga, tsawon bencin kada ya wuce santimita 75 daga ƙasa, 'yan aji ɗaya ƙanana ne. Zan sa 'yan aji uku su zana shi a wannan makon, in kawo maka zanen da ya fi kyau ka yi aiki da shi.