Wace kalma zan sa wa "gay" a shirin Juma'a?

'Yar Mamobi: Salamu alaikum. Malamai ku agaza mini, lokaci ya ƙure. Ranar Juma'a bayan la'asar nake da shiri a rediyo kan abin da yaran Zango ke karantawa a waya. Akwai wani littafin Turanci da ke yawo daga unguwar Nima har unguwar Madina a nan Accra, labarin soyayya mai ban dariya: wani akawu ne ya kai shekara talatin yana zille wa duk yarinyar da uwarsa ta kawo masa, daga baya ya gane namiji zuciyarsa ke so. Na tattaro ra'ayin waɗanda suka karanta. Wata ta ce ta yi ta ƙyaƙyata dariya a trotro har yaron mota ya juyo yana kallonta. Wani ya ce bai wuce babi na biyu ba ya goge shi daga wayarsa, ya yi istigfari. Wata kuma haushinta ɗaya: sai da jarumin ya cinye rabin littafin kafin ya fahimci abin da ƙanwarsa ta sani tun shafin farko. Duk na fassara, kalma biyu ne suka tsaya mini a wuya, "gay" da "self-discovery". Rahoto zan bayar, ba wa'azi ba, ba kuma talla ba.

Malamin Aboabo: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da ke hannu ai ba a nemansa. Ɗan luwaɗi. Kalmar tana nan tun kafin a ƙirƙiro rediyo, daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu ta fito.

'Yar Mamobi: Baba, ita na fara rubutawa. Amma luwaɗi sunan aiki ne, littafin kuwa har ya ƙare kunya ce da kame-kame da saƙon waya da aka tura wa wanda ba shi ba. Kuma in na ce wata ta ce "ɗan luwaɗin ya ba ni tausayi", na cusa mata zagin da ba ta yi ba.

Ɗan Legon: Ɗan daudu fa, Yaya?

Hajiyar Sabon Zango: A'a ɗana. Ɗan daudu a magana da tafiya da sana'a ake gane shi: karairaya, ɗaurin zane, tuyar kaji, hidimar biki. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Kusan abin da mutanen Akan ke kira kojo besia ne. Wannan akawun nata ba shi da ko ɗaya.

Ɗan Legon: To "mai auren jinsi". Da ita gidajen rediyon ƙetare ke aiki. Ita aka yi ta ji lokacin da majalisar Gana ta amince da ƙudurin nan na hana harkar jinsi ɗaya ranar 28 ga Fabrairun 2024, wanda Shugaba Akufo-Addo ya sauka a Janairun 2025 bai sa masa hannu ba.

'Yar Mamobi: Ƙanena, mutumin da ya kasa ce wa wani "ina wuni" ba tare da ya zubar da shayi a riga ba, ina maganar aure? Ba a ɗaura komai ba a littafin.

Injiniyan Asawase: Ku saurara. Matsalarku kuna ta tonon tsoffin kalmomi. Harshe mai rai haihuwa yake yi. Ga tawa: jinso. Jinsi da so, a haɗe. Ɗan jinso, 'yar jinso, 'yan jinso, jinsanci. Gajera ce, ba zagi, ba yabo, kuma tana shiga kowace jimla.

Hajiyar Sabon Zango: Injiniya, faɗa da ƙarfi ka ji. Jin so. Duk wanda ya taɓa tsayawa zance a ƙofar gidan wani ai ɗan jin so ne. Da Alhajina ma za ka haɗa ke nan?

Injiniyan Asawase: Karin sautin ba ɗaya ba ne, Hajiya.

Hajiyar Sabon Zango: A rediyon mai shayi da ake ji ana soya ƙwai, wa zai tsaya auna karin sauti?

Injiniyan Asawase: Haka aka yi wa "kwamfuta" dariya da farko. 'Yar Mamobi ya yi amfani da ita sau uku kawai, za ku ga ta kama.

Bakano a Kumasi: "'Yar Mamobi YA yi"? Mace ce fa. Ta yi. Wanda bai raba namiji da mace a jimla ba shi ne zai ƙera mana kalmar jinsi? Ku yi haƙuri, amma irin wannan aiki a Kano ake yinsa. Can ne aka yi rubutun littattafan soyayya tun shekarun 1980, kasuwa guda ta tashi a kansu, kuma ba wanda ya buƙaci jinso.

Injiniyan Asawase: Ga shi nan, an fara. Mu Hausarmu ta Zango haka take, kuma da ita ake ciniki daga Kumasi har Bawku, Dagomba da Frafra da Zabarmawa duk da ita suke fahimtar juna. Waakye da duk Gana ke ci daga ina sunanta ya fito in ba wakenmu ba? Koko ma sai an ce na Hausa ake saye.

Malamin Aboabo: Kuma a ƙasar nan Malam Umaru na Kete-Krachi ya yi waƙoƙinsa da ajami, a nan ya rasu a 1934.

Bakano a Kumasi: Allah ya jiƙansa. A Kano aka haife shi dai, Malam.

Malamin Aboabo: Amma bai koma ba.

'Yar Mamobi: Don Allah iyayena, jibi ne fa shirin. Ku bar Kano ta huta. Kalma ta biyun ko, "self-discovery"?

Ɗan Legon: Sanin ciwon kai.

Hajiyar Sabon Zango: Wannan ai yabo ne, wanda ya yi hankali ya kama sana'a yake riƙe gidansa. In ta faɗi haka, masu sauraro za su ce ta ba shi lambar girma.

Ɗan Legon: Sanin kai, to.

Bakano a Kumasi: A iska za a ji "son kai". Kuma "gano kai" kamar wanda kansa ya ɓace a kasuwar Kejetia aka tsinto masa. Bahaushe ba ya dunƙule wannan a suna, jimla yake yi: ya gane ko shi wane ne. Shi ke nan.

'Yar Mamobi: Wannan ta zauna. Na gode, Malam, duk da ka tsokane mu.

Baƙon Nima: Ban saba magana a nan ba. Su kansu mazan da ke son maza a ƙasar Hausa akwai masu cewa "masu harka" a tsakaninsu. Na faɗa ne don a sani, ba don ki sa a shiri ba. Kalmar ɓoyo ce, kuma da sashe na 104 na dokar laifuka ta 1960, mai hukunta saduwar namiji da namiji, yana nan daram a ƙasar nan, ba kowane abu ake ɗauka daga ɗaki a kai wa makirfo ba.

Malamin Aboabo: Ni da za a bi shawarata, a bar littafin nan gaba ɗaya.

'Yar Mamobi: Baba, iyaye ne suka yi ta bugo waya suna tambayar me yaran ke karantawa. Ga abin da zan yi: a bakina zan ce "saurayi mai son namiji irinsa". Doguwa ce amma ba wanda zai ɓata. Wanda ya goge littafin kuma da bakinsa ya ce luwaɗi, zan bar masa kalmarsa yadda ya faɗa.

Malamin Aboabo: Kin kewaya dai kin dawo gida. To, Allah ya ba da sa'a. Ni a karatuna sunan da na sani zan ci gaba da kira.

Bakano a Kumasi: Bayani ne wannan, ba kalma ba. Amma Hausa ce, na yarda.

Injiniyan Asawase: Ko sau ɗaya ne ki ambaci jinso, a ƙarshen shiri, ki ce wasu masana sun ba da shawara.

Hajiyar Sabon Zango: Masana su wa, Injiniya?