Abin da munka tsaya a kai game da SSD ta waje

Jiya mun daɗe muna gardama a shagon gyaran kwamfuta nan Sakkwato kan wace SSD ta waje (na'urar ajiyar fayil da ake jona wa kwamfuta ta USB) ya dace a saya, ga abin da anka yarda da shi. Fara duba ramin kwamfutarka tukun, in USB 3.0 ne da ƙyar ka wuce 450MB a sakan ko da ka sayi Samsung T7 mai gudun 1050MB a sakan, wannan gudun ba ya samuwa sai da ramin USB mai 10Gbps da igiyarta ta asali. Wani ya ce a sayi NVMe, wato SSD mai sauri irin ta cikin kwamfuta, a sa cikin gida na alminiyam mai rage mata zafi, ni ma nan na karkata, don zafin garin ga ba wasa ba, in ta ɗau zafi gudunta raguwa yake. Masu 2TB da arha kamar kyauta kuwa jabu ne wallahi, wani ya buɗe tashi ya iske ɗan memori a ciki.