Kutse ne ko sakaci? Ce-ce-ku-ce kan jerin sunayen mambobi da ya ɓulla a Google

Tsohon Mamba: Assalamu alaikum jama'a. Ina so shugabanni su fito su yi mana bayani, kuma kada wani ya ce in bi shi ta bayan fage. Jerin sunayen mambobi, mai ɗauke da lambar waya da imel da matsayin biyan kuɗin shekara na kowa, yana nan a Google ƙuru-ƙuru. Ku rubuta site: ku manna adireshin shafinmu, ku ba da tazara, ku ƙara filetype:pdf, za ku gan shi. Yana buɗewa ba tare da sunan shiga ko kalmar sirri ba. Wannan fa shi ne ɓangaren da aka ce na 'yan ƙungiya ne zalla. An yi mana kutse kuma an yi gum. A sauke fayil ɗin, a sanar da kowa, a ba da haƙuri.

Mai Kula da Shafi: Wa alaikumus salam. Alhaji, a yi hattara da kalmar nan. Kutse shi ne wani ya samu kalmar sirrin da ba tasa ba, ko ya bi ta wata ɓaraka a manhaja ya shiga. Babu sabon asusun gudanarwa, babu fayil ɗin da aka sauya. Ba a yi kutse ba.

Injiniya: Gaskiyarsa kan kalmar, amma kada ya tsaya a nan. Shafinmu a kan WordPress yake, wato manhajar gina shafukan intanet. Duk abin da aka ɗora ta ma'ajiyar hotuna da takardu yana sauka ne a wp-content/uploads, a ƙarƙashin shekara da wata. Manhajar mambobi da aka ƙara tana tsare shafin da aka maƙala fayil ɗin a ciki, wato wanda bai shiga ba ba zai ga shafin ba. Amma fayil ɗin kansa yana da nasa adireshin, kuma idan aka nemi wannan adireshin kai tsaye, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ita ce ke miƙa shi, ba ta ma tambayar WordPress ko mai neman ya shiga. An sa kwaɗo a ƙofa ne an bar taga a hangame. Gwajin ba wuya: kwafi adireshin fayil ɗin, buɗe tagar ɓoye ta burauza, manna shi. In ya buɗe, to kowa ma zai buɗe.

Ma'aji: To kun ji. Ba kutse ba ne. Alhaji ya janye kalmarsa, domin irin wannan magana ce ke sa mutane su ƙi sabunta rajista.

Hajiya Lauya: Ma'aji, sannu da gaggawa. Doka ba ta damu da sunan da kuka zaɓa ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ta ɗauki fitar da bayanan mutane ba da izini ba a matsayin keta tsaron bayanai, ko da gangan ko bisa kuskure, kuma ta ba da awa 72 daga lokacin da aka sani a sanar da hukuma, sai fa in babu alamar cutarwa. Ƙasashe da dama sun yi tasu dokar a kan wannan turba. Ko wani ya kutsa ko ku kuka bari a buɗe, lambar wayar mamba ta riga ta fita.

Ma'aji: Hajiya, mu ba a kotu muke ba. Tambayar ita ce, kutse ne ko ba kutse ba ne?

Ƙaramin Sakatare: Ni dai a wurina kutse ne. Duk wanda ya buɗe takardar da ya san ba tasa ba ce ya kutsa. Niyya ake dubawa.

Injiniya: Ƙanena, in haka ne sai ka kai ƙarar Googlebot, manhajar Google mai bin shafuka tana tattara abin da ke cikinsu. Shi ma ya buɗe. Burauza ta nemi fayil, sabar ta amsa da lamba 200, ma'ana ga shi nan. Da an hana, da 401 ko 403 za ta bayar. Inda ba a hana ba, me aka tsallake?

Ƙaramin Sakatare: Ai an taɓa ɗaure mutum a kan irin wannan, Yaya. A 2010 a Amurka an tattara adiresoshin imel kusan 114,000 na masu iPad daga shafin kamfanin sadarwa na AT&T ta hanyar sauya lamba a adireshi kawai, babu kalmar sirri ko ɗaya. An samu Andrew Auernheimer, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hakan, da laifi a 2012.

Hajiya Lauya: Ƙarasa mana. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, duk da cewa a kan wurin da aka yi shari'ar ta soke shi, ba a kan ma'anar shiga ba da izini ba. Saboda haka bai zama hujjarka ba, bai kuma zama tasu ba. Ga wanda ya fi kama da namu: a Oktoban 2021 wani ɗan jarida a jihar Misuri ya gano cewa lambobin shaidar malaman makaranta suna cikin rubutun shafin gwamnati, duk mai burauza zai iya gani. Ya sanar da hukuma kafin ya buga labarin. Gwamnan jihar na lokacin, Mike Parson, ya kira shi mai kutse, ya sa a bincike shi. A Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ƙi tuhumarsa. Masu shafi sun fi son kalmar kutse idan za ta ɗora laifi a kan wani, sun fi ƙinta idan za ta dawo kansu.

Mai Kula da Shafi: Hajiya, wannan habaici ne. Ba ni na ɗora fayil ɗin ba. Ku dubi shekarar da ke cikin adireshinsa, a zamanin tsohon kwamiti aka ɗora shi.

Tsohon Sakatare: Na san za a zo nan. Malam, a zamaninmu akwai fayil ɗin robots.txt da ya hana injunan bincike leƙa wannan ma'ajiyar. Wa ya goge shi lokacin da kuka sauya kamfanin da ke riƙe shafin?

Injiniya: Ranka ya daɗe, robots.txt ba makulli ba ne. Roƙo ne ga injunan bincike cewa kada su bi ta nan, kuma kowa na iya karanta shi, don haka duk abin da ka jera a ciki ka nuna wa mai mugun nufi inda zai dosa ne. Sannan ko Google ya mutunta roƙon, adireshin yana iya fitowa a sakamakon bincike muddin wani shafi ya nuna shi. Abin da ke hana PDF fitowa shi ne umarnin noindex, wato kada a sa shi a sakamakon bincike, da sabar ke aikawa ta X-Robots-Tag, kuma Google ba zai ga umarnin ba idan robots.txt ya hana shi isa ga fayil ɗin. Duk wannan ma ɓoyewa ne daga bincike, ba hana buɗewa ba.

Tsohon Sakatare: Amma dai a lokacinmu bai fito ba.

Ma'aji: A lokacinku asusu ɗaya mutum nawa ne ke shiga da shi? Kalmar sirrin gudanarwa har a takardar miƙa mulki kuka rubuta ta.

Tsohon Sakatare: Ku da kuka zo kun sauya ta?

Uwar Ƙungiya: 'Ya'yana, ku dakata. Tunda an taɓo kalmar sirri, ni abin da ke damun mambobi da yawa shi ne tilasta sauya ta duk bayan kwana 90. Mutum ya sauya, ya manta, ya gwada sau biyar a kulle shi, ya nemi saƙon sabuntawa ya ƙi zuwa. Shi ya sa suke ara wa juna asusu. Wannan ba shi ne ƙofar kutsen ba?

Mai Kula da Shafi: Mama, wannan tsarin don tsaro aka sa shi.

Injiniya: Tsohon yayi ne. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka tun a ƙa'idojinta na 2017 ta ce a daina tilasta sauya kalmar sirri lokaci-lokaci, sai in akwai alamar an sace ta. Dalili kuwa a fili yake: wanda aka matsa wa sai ya ɗauki tsohuwar ya ƙara 1 a ƙarshe, wata uku ya mayar da shi 2. Abin da ya fi shi ne doguwar kalma, ko jimla guda mai kalmomi huɗu ko biyar, wadda ba a amfani da ita a wani wuri, da kuma tantance sabuwar kalma da jerin waɗanda aka riga aka sace. Shafin Have I Been Pwned, wanda ya fara a 2013, yana ba da wannan jerin. Ga masu asusun gudanarwa a ƙara mataki na biyu, manhajar da ke fitar da lamba shida mai sauyawa duk daƙiƙa 30. Batun saƙon sabuntawa kuma, Mama, galibi yana faɗawa akwatin tarkace ne ko a jefar da shi gaba ɗaya, saboda shafin yana aika imel da sunan ƙungiya ba tare da an saita SPF da DKIM, masu tabbatar da cewa imel ɗin daga ƙungiyar ya fito, ba. A WordPress adireshin sabuntawa awa 24 yake yi ya mutu, kuma idan ka nemi sabo, na baya ya daina aiki. Masu danna maɓallin sau uku sai su buɗe saƙon farko su ce shafi ya lalace.

Ƙaramin Sakatare: Yawwa, to ara wa wanda ba mamba ba asusu, wannan kutse ne ko ba kutse ba ne?

Ma'aji: Wannan kam kutse ne tsagwaronsa. Mutum bai biya ba yana karanta takardunmu.

Hajiya Lauya: Ikon Allah. Wanda ya buɗe lambobin wayar mutane bai yi kutse ba, amma wanda ya karanta mujallar ƙungiya bai biya ba ya yi kutse. Ma'aji, ma'auninka kuɗin shekara ne kawai?

Ma'aji: Ƙa'idar rajista ta ce asusu na mutum ɗaya ne. Wanda ya karya ta ya karya.

Tsohon Sakatare: To waɗanda rajistarsu ta ƙare fa? An rage musu matsayi? Manhajar mambobi takan rufe shafuka idan wa'adi ya cika, amma matsayin da aka ba mutum da hannu a WordPress yana nan yadda yake. Wanda aka taɓa ba matsayin Editor, mai ikon gyara shafuka, don ya ɗora rahoto, yana nan Editor har sai wani ya mayar da shi Subscriber, mai karatu kawai. Ku buɗe jerin masu asusu ku tace da matsayi, ku faɗa mana mutum nawa ne Administrator, wato masu cikakken ikon gudanarwa. In sun wuce biyu ko uku, da sauran magana.

Mai Kula da Shafi: Yawancinsu naku ne.

Tsohon Mamba: Jama'a, fayil ɗin fa har yanzu yana buɗewa.

Injiniya: Ga gyaran, tunda ba mai tambaya. A fara da cire fayil ɗin daga uploads, har adireshin ya riƙa ba da 404, ma'ana ba a samu ba. Cire shi daga shafin da aka maƙala shi bai wadatar ba, sai an goge shi daga ma'ajiyar. Daga nan a shiga Google Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafi, a nemi cire adireshin daga sakamakon bincike. Wannan cirewar ta wucin gadi ce, kusan wata shida, shi ya sa gogewar ta zo farko. A duba Wayback Machine, shafin da ke taskance tsofaffin shafukan intanet, ko ya adana kwafi, in ya adana a rubuta musu. A kashe jera abin da ke cikin ma'ajiya, a sabar Apache layi ɗaya ne, Options -Indexes, domin in a kunne yake, mutum zai buɗe ma'ajiyar wata guda ya ga duk fayilolinta a jere. Sauran takardun mambobi a kwashe su zuwa inda burauza ba ta isa kai tsaye, manhaja ta riƙa duba ko mutum ya shiga kafin ta miƙa. Sai kundin sabar, inda take rubuta duk buƙatar da ta zo mata: kowane layi yana nuna adireshin IP na na'urar mai nema, lokaci, fayil ɗin da aka nema, lambar amsa, da shafin da mutum ya fito. Daga nan za a san sau nawa aka sauke shi, da inda Google ya fara tsintar adireshin. A yi sauri da wannan, kamfanoni da yawa ba sa ajiye kundin ya daɗe. Shi kuma jerin sunaye tun farko bai kamata ya zama PDF guda ba. A mayar da shi shafin bincike, kowa ya zaɓi abin da yake so a gani nasa.

Ƙaramin Sakatare: In kundin ya nuna wani ya sauke shi sau da yawa, ai ka ga kutse ya tabbata.

Injiniya: Ya tabbata an sauke shi sau da yawa.

Ma'aji: Wa ya ga kundin ma tukuna?

Mai Kula da Shafi: Sai na nemi izinin Shugaba.

Sakatare: To Alhamdulillahi, bari in taƙaita don a rufe. An tattauna sosai, kuma masana a cikinmu sun tabbatar ba a yi wa shafin ƙungiya kutse ba, saboda haka hankalin kowa ya kwanta. An gano cewa matsalar ta samo asali ne daga yadda tsohon kwamiti ya ɗora takardu. An ja hankalin mambobi su daina ara wa juna asusu, su kuma sabunta rajista a kan lokaci. Ana roƙon 'yan'uwa su riƙa tantance magana kafin su yaɗa ta. Muna yaba wa Mai Kula da Shafi bisa haƙurinsa.

Hajiya Lauya: Malam Sakatare, ina batun sanar da mambobin da bayanansu suka fita? Ina kundin sabar? Ina masu Administrator?

Tsohon Sakatare: "An gano" a ina? Wa ya gano?

Sakatare: Sauran batutuwa sai a zama na gaba.

Tsohon Mamba: Na sake gwadawa a tagar ɓoye yanzu. Wa ke da ikon gogewa, Mai Kula da Shafi ko Shugaba?