Mu bar manhajarmu a dunƙule ko mu rarraba ta?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Mu uku ne muka gina wata manhaja da dillalan albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 da ke Legas suke rubuta kayan da aka sauke musu daga Arewa da bashin da suke bi. Rajista da lissafi da aika saƙon tes duk a jiki ɗaya suke, rumbun bayanai ma guda ne. Wani abokina ya ce wannan tsohon yayi ne, wai sai mun rarraba ta zuwa ƙananan manhajoji masu cin gashin kansu, waɗanda ake kira maikurosabis. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar.

Malamin Yaba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara duba inda tsarin ya samo asali. Netflix ya soma ƙaura zuwa kwamfutocin haya na Amazon ne bayan rumbun bayanansa ya lalace a 2008, kuma bai kammala ba sai 2016. Fitowar Docker a 2013 da Kubernetes a 2014, wato kayan aikin ƙunshe manhajoji da sarrafa su a kan kwamfutoci, ita ta sauƙaƙa tafiyar da ƙananan manhajoji da yawa, a 2014 ɗin kuma masana manhaja Martin Fowler da James Lewis suka yi rubutun da ya yayata sunan maikurosabis. Sai dai ciwon da tsarin yake magancewa na yawan ma'aikata ne, inda ɗaruruwan injiniyoyi suke cin karo da juna a kan manhaja guda, kowa yana jiran wani kafin ya fitar da gyaransa. Tun 1968 masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura cewa fasalin manhaja yakan bi yadda masu gina ta suke hulɗa da juna, ku kuwa teburi ɗaya kuke zama.

'Yar Obalende:
Malam ya yi gaskiya, kuma akwai batun kuɗi. A wurin da na taɓa aiki mun raba tamu gida tara, ranar da biyan wani kwastoma ya maƙale kuwa sai da muka kwana biyu muna bin sawunsa daga wannan sashe zuwa wancan. Hayar kwamfutocin da dala ake biyanta, kowa kuma ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023. A shekarar ce ma injiniyoyin Prime Video, dandalin kallon fina-finai na Amazon, suka bayyana cewa sun mayar da sashensu mai duba ingancin bidiyo dunƙulalle, kuɗin tafiyar da shi ya ragu da kashi 90 cikin ɗari.

Malamin Yaba:
Abin da ake yayi yanzu shi ne dunƙulalliya mai ɗakuna, irin ta Shopify, kamfanin da ke buɗe wa 'yan kasuwa shago a intanet: a katange lissafi daga rajista a cikin manhaja ɗaya. In har za ku cire wani abu, ku cire aika saƙon tes ku sa shi a layin jira, domin kada rashin sabis ya hana dillali rubuta buhunansa da asuba.