Maganin feshin da Baba ya bari a sito, kaya ne ko ya zama shara?

Salam 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. Baba ya rasu bara, yana da shagon maganin feshi, jiya muka buɗe siton bayan gida muka tarar da katan-katan na maganin ciyawa da na ƙwari, wasu sun yi esfaya tun 2021, wasu takardar jikinsu ta goge, akwai jarka ɗaya da ta tsiyaye har siminti ya yi baƙi, wari kuwa sai da na toshe hanci da hula. Ga gwangwanin bom na wake (ƙwayar da ake sa wa wake don kashe ƙwari) guda uku da kwalaben maganin ƙwari na gamale. Ƙannena sun ce a karyar da kuɗi a sayar tunda gado ne, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Yaushe ne kaya irin wannan ke tashi daga haja ya koma shara mai guba a wajen hukuma?

Amsa ta farko:
Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, ni malamin gona ne. Ba kwanan wata kaɗai ake dubawa ba. Da zarar magani ba zai iya aikin da aka yi shi dominsa ba, ko an haramta shi, ko ba a san mene ne ba, to ya zama shara ko da ba a taɓa buɗe murfin ba. Gamale an daɗe da hana shi, yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta sa shi cikin haramtattu a 2009. In akwai sinadarin paraquat a na ciyawan, hukumar abinci da magunguna NAFDAC ta hana shi daga 2024. Wanda babu ranar esfaya a jiki, galibi shekara 2 ake ƙirga masa daga ranar da aka haɗa shi. Wanda ya daskare ko ya rabu gida biyu, ka cire shi daga lissafin gado.

Amsa ta biyu:
Yaya, bom ɗin nan shi ya fi tayar min da hankali wallahi, danshi kaɗan ya taɓa shi iskar guba yake fitarwa, tana shiga ɗaki mutane na barci. Kar a wanke wajen da ruwa, kar yara su kwana kusa. Jarkar da ta tsiyaye ku zuba yashi ya tsotse, ku sa safar hannu ku kwashe cikin bokiti mai murfi.

Amsa ta uku:
Kar ku ƙona, kar ku binne, kar ku zuba a kwata, rijiya zai bi. Ku ɗauki hoton kowane katan ku rubuta adadi, ku je ofishin NAFDAC na jiharku, su ke karɓar kayan da suka lalace su lalata, hukumar kare muhalli NESREA ma aikinta ne. Wanda ya ba Baba sari kuma ku tambaye shi ko zai karɓi masu sauran kwana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na sa kwaɗo a siton, makullin na aljihuna, gobe da safe zan je ofishin.