Oga ya kawo na'ura, ni na sha takardar gargaɗi

Akanta: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Wata uku ke nan da ogammu ya ce rahoton ƙarshen wata a ChatGPT, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita, za mu riƙa haɗa shi. Ba a koya mana komai ba, ba kuma wata ƙa'ida a rubuce. Har sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu muke zubawa ciki. Jiya lissafi ya fito da kuskure, ni aka miƙa wa takardar gargaɗi. Ni a ganina shugaban da ya shigo da ƙirƙirarriyar basira wurin aiki shi ya kamata ya fara amsa laifinta. A 2024 Air Canada, wato kamfanin jiragen sama na ƙasar Kanada, ta ce ba ruwanta da ƙaryar da manhajar hirarta ta yi wa wani fasinja kan rangwamen tikitin zuwa jana'iza, aka yanke mata hukunci ta biya shi.

Malam: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka. Amma basira kuma? Basira hasken zuciya ce, Allah ke ba bawansa. Ƙarfe da wayar lantarki ina suka same ta?

Injiniya: Allah gafarta Malam, haka 'yan jarida ke kiranta. Suna ne kawai.

Malam: Ai suna linzami ne. Yau ka ce tana da basira, gobe yaranmu su ɗauki fatawa a wurinta.

Hajiya Babba: Gaskiyar Malam. A ce kwaikwayo, tunda maganar mutane take haddacewa ta maimaita.

Injiniya: Hajiya ba hadda ba ce. Hasashen kalmar da za ta biyo baya take yi, daga ɗimbin rubutun da aka horar da ita da shi.

Hajiya Babba: To hasashe basira ne? Kai dai ka faɗi gaskiya, da ita kake cin abinci, kamfanoni kake haɗa wa.

Injiniya: Haba Hajiya! Ni ne fa kullum nake cewa a yi hattara. Samsung ma ta hana ma'aikatanta amfani da irin waɗannan manhajoji a 2023, bayan wasu sun zuba bayanan sirrin kamfanin a ChatGPT.

Akanta: Yawwa, nan nake son a tsaya. Muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Oga na da hurumin sa mu zuba lambobin mutane ba da saninsu ba?

Bazazzagi: Mu a Zariya in yaro ya kama karatu da wuri, basira gare shi muke cewa. Na'urar nan kuwa ta fi yaran yanzu kama karatu.

Malam: Subhanallah! Ɗan Adam kake haɗawa da inji?

Hajiya Babba: Wanda bai biya kuɗin taron Sallah ba bai kamata ya cika mana kunne ba.

Bazazzagi: Na biya, Yaya Sakatare shaida ne. A daina ci mini fuska a bainar jama'a.

Sakatare: Rabi ka biya.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne, akasarinmu mun yarda da Malam cewa kalmar basira ba ta dace da na'ura ba, kuma Injiniya bai kawo hujjar da ta gamsar ba. Daga yau a nan kwaikwayo za mu riƙa cewa. Akanta, ka yi haƙuri ka bi oganka a hankali, aiki wuyar samu gare shi. Bazazzagi, ka cika ragowar kuɗin kafin Juma'a. Na rufe zaure sai bayan Asuba.